Ƙwayar kaura bakwai a teburin mai shayi

Ranar Alhamis 18 ga Satumban 2025, bayan sallar isha'i, muna zaune a teburin mai shayin da ke bakin layinmu a Tudun Wada, nan Gusau. An yi yayyafi da la'asar, ƙasa sai ƙamshi take, ba wuta, sai 'yar fitilar sola da mai shayi ya rataye a jikin rumfa. Rediyonsa na kunne amma ba mai saurare, kowa na ta maganar kuɗin sabon gero. Can sai muka ji an ce Saudiyya da Pakistan sun sa hannu jiya a Riyad kan yarjejeniyar tsaro, wadda ta ce duk wanda ya taɓa ɗayarsu ya taɓa su duka biyun.

Alhaji ya ajiye kofinsa. Dattijo ne da ya haura saba'in, ya tsufa a sayar da yadi, kuma sau huɗu yana zuwa aikin hajji. Ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi, Haramaini sun samu mai gadi. Pakistan ai tana da abin nan, ko Malam?" Na ce tana da shi, tun watan Mayun 1998 ta gwada bam ɗin nukiliya. Ya ce, "To, Iran sai ta shiga taitayinta."

Akwai wani tsohon ɗalibina da ke tuƙa Keke yanzu, waya ba ta barin hannunsa. Ya sunkuyar da kai, amma muryarsa da zafi. "Baba Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri, wai mi Iran tay yi musu? Wa yak kai hari Doha satin da ya wuce? Iran ce?"

Sai duka biyun suka zuba mini ido, don shekara 31 na yi ina koyar da fiziks a makarantun sakandare kafin in yi ritaya, kuma a unguwarmu wannan ya isa a naɗa mutum alƙali a kan duk abin da ya shafi nukiliya. Na ce su yi mini haƙuri zuwa gobe, zan zo da kayan aiki.

Washegari na sa jikokina suka ƙirga mini ƙwayar farfara 993, na ƙara kaura guda bakwai, na zuba a kwalba. Haka nake yi wa 'yan aji shida a da. Na ari faifai a cikin gida, muka shimfiɗa shi a kan teburin, tsakanin burodi da gwangwanin madara.

Na ce musu wannan dubun shi ne yuraniyom kamar yadda ake haƙo shi, irin wanda ake fitarwa a Arlit ta Nijar. A cikin kowane dubu, bakwai ne kawai irin da ke kama wuta, wato kaurar nan. Sauran duk farfara ce. Abin da kuke ji ana kira tacewa ko ingantawa a rediyo ba komai ba ne illa rage farfara. Ana mai da sinadarin ya zama iska, a ɗura shi cikin wasu dogayen bututai da ke juyawa kusan sau dubu a sakan ɗaya, mai nauyin ya koma jikin bango, mara nauyin ya taru a tsakiya. Wanda ya taɓa ganin masu wankin zinare a wajen Anka suna juya tasa ya ga ɗan'uwan abin.

Na fara kwashe farfara da gefen hannu. Na ce idan na cire 825, saura 175, kaura ta zama kashi 4 cikin ɗari. Wannan shi ne man tashar wutar lantarki. Na sake tsince 140, saura 35, kashi 20 ke nan. Na tsince 23, saura 12, kusan kashi 60. Sai na tsaya.

Alhaji ya ce, "Na bam ɗin fa?"

Na sa yatsa na ture ƙwaya huɗu. Saura takwas, kusan kashi 90. Ya dubi tulin farfarar da ke gefe, ya dubi huɗun nan, ya ce, "Ashe aikin ya ƙare tun can baya." Ban taɓa samun ɗalibin da ya gane da sauri haka ba. A cikin injin gaske abin bai kai haka tsabta ba, kaura na bin farfara ta tafi, amma fasalin lissafin ke nan. Wahalar duk tana farko. Kuma injin da ke yin kashi 4 shi ne ke yin kashi 90, bai san niyyar mai shi ba.

Tun watan Afrilun 2021 Iran ta kai matakin ƙwaya sha biyun nan. Kafin yaƙinta da Isra'ila na watan Yunin 2025, hukumar IAEA mai kula da makamashin nukiliya ta duniya ta ƙirga mata sama da kilo 400 na mai kashi 60, ta kuma ce ita kaɗai ce ƙasar da ba ta da makamin amma take tacewa har wannan matsayi. Iran na cewa na zaman lafiya ne, tana cikin yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya tun 1970, kuma jagoranta na lokacin Ayatullahi Khamenei ya yi fatawar haramta makamin. Ɗalibina ya yi caraf ya ce Isra'ila fa, ita da ko hannu ba ta sa ba? Na ce gaskiyarka. Tana da tashar nukiliya ta Dimona da Faransa ta taimaka mata ta gina, ba ta ce tana da shi ba, ba ta ce ba ta da shi ba, kuma ba mai shiga ya duba. Ƙari ma, Amurkar da ke ta kumfar baki ita ta ba Iran tukunyar binciken nukiliyarta ta farko a 1967, zamanin Sarki Shah yana ɗan gaban goshinta. Duk wannan haka ne. Amma rashin adalcin da ake yi a can bai mai da sha biyu ta koma ɗari da saba'in da biyar ba.

Inda na saɓa da Alhaji shi ne a kan abin da Saudiyya ke tsoro. Shi a ransa Iran na son ta jefa abin a Makka ko Madina. Na ce masa, Alhaji, mutanen nan dubbai suke zuwa hajji duk shekara, kai ma ka yi ɗawafi kafaɗa da kafaɗa da su. Ya yi shiru. Yana Mina a 2015 ranar da aka yi turmutsutsun nan, inda Iran ta rasa alhazai 464, mu ma muka rasa namu da yawa, har da maƙwabtanmu Sakkwatawa. Ya ce ya ga wani Ba'irane zaune a gefen hanya riƙe da takalmin wani, yana kuka kamar yaro, har yau hoton bai bar idonsa ba. Duk da haka bai yarda da gwamnatinsu ba, kuma yana da hujja. An yi arangama a Makka a 1987 tsakanin alhazan Iran da jami'an tsaro, sama da mutum 400 suka mutu. A Janairun 2016 Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan malamin Shi'a Nimr al-Nimr, aka far wa ofishin jakadancinta a Tehran, zumunci ya tsinke, a shekarar ko hajji Iraniyawa ba su zo ba.

Mu a Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani kan irin tsoron Saudiyya ba. Ranar da ka ji maƙwabcin da kuke rigimar iyakar gona da shi ya sayi bindiga, ba harbi ne farkon abin da ke zuwa ranka ba. Abin da ke zuwa shi ne daga yau in dabbobinsa sun shiga gonarka, ko yaransa sun tare maka hanya, ba ka da bakin magana. Ko bai taɓa fito da ita ba, tana nan tsakaninku a kowace gaisuwa. Saudiyya na duban 'yan Huthi a Yaman a kudu da ita, da ƙungiyoyin da ke ɗasawa da Tehran a Iraƙi da Labanan, tana cewa yanzu ma ke nan da ba bam. Ga kuma tashar nukiliyar Iran ta Bushehr a bakin Tekun Fasha, tekun da ƙasashen Larabawan yankin ke tace ruwansa su sha. Ko ba yaƙi, haɗari ɗaya a can ya ishe su.

Shi ya sa marigayi Sarki Abdallah na Saudiyya, kamar yadda takardun sirrin Amurka da aka fallasa a 2010 suka nuna, ya riƙa matsa wa Amurka ta sare kan macijin, wato Iran. Shi ya sa kuma Yarima Muhammad bin Salman ya fito ƙarara a watan Maris na 2018 ya ce in Iran ta ƙera bam, su ma za su ƙera ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma maimaita a 2023.

Amma akwai tsoro na biyu, wanda a ganina ya fi na farko cin rai. A 2015, lokacin da Obama ke dab da kammala ciniki da Iran, ya gayyaci sarakunan yankin zuwa Camp David don ya kwantar musu da hankali. Sarki Salman bai je ba, ya tura 'ya'yan gida. Ana shirya makomar unguwarsu, ga Amurka da Ingila da Faransa da Rasha da Sin da Jamus a kan tabarma, su da ke katanga ɗaya da Iran suna waje. Sannan ranar 14 ga Satumban 2019 jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami suka sauka kan matatar Abƙaiƙ da rijiyoyin Khurais, kusan rabin man da Saudiyya ke haƙowa ya tsaya a dare ɗaya. 'Yan Huthi suka ce su ne, Saudiyya da Amurka suka ce Iran ce, Iran ta ce ba ruwanta. Uban gidan da aka shekara da shekaru ana sayen makamai a wurinsa bai rama musu ba. Duk wanda ya taɓa kiran agaji cikin dare, aka ce masa ana zuwa, gari ya waye ba kowa, ya san abin da ke shiga zuciyar mutum daga ranar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

A 2019, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an shiga sulhu da 'yan bindiga a jihar nan. Ba zan shiga gardamar ko daidai ne ko kuskure ba, gwamnan yanzu Dauda Lawal ya ce shi ba zai yi ba, kuma kowane ɓangare na da gawarwakin da zai nuna. Abin da na gani da idona zan faɗa. Na je garinmu ranar da aka yi wani zaman miƙa makamai a yankin. An shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya, aka jera abin da aka kawo. Yawanci bindigogin toka ne, wasu an ɗaure kotarsu da roba, sai 'yan ƙalilan na zamani da tsatsa ta ci. Aka yi addu'a, aka yi musabaha, aka ɗauki hoto. Wani kawuna da ke kusa da ni ya raɗa mini, "Wanga yaro na gan shi da wadda tah hi wannan sau goma ranar kasuwa." Ba wanda ya tambayi nawa suka rage a daji. Ba wanda aka ce ya koma bayan wata ɗaya ya duba. Mutanenmu ma, in faɗi gaskiya, ba su fito da nasu duka ba, don wa zai yarda? Mun samu damina ɗaya muka yi noma cikin kwanciyar hankali, sannan abin ya dawo.

Da wannan idon nake duban yarjejeniyar nukiliya da aka ƙulla da Iran a Biyana ranar 14 ga Yulin 2015. Tana da aibi, kuma Saudiyya ba ta yi ƙarya ba da ta ce ba a taɓo maganar makamai masu linzami da Yaman ba, ga shi wasu sharuɗɗan na da wa'adin ƙarewa. Amma tana da abin da zamanmu na gindin tsamiya ya rasa, wato mai ƙirga. An ce Iran ba za ta wuce kashi 3.67 ba har shekara 15, ba za ta ajiye fiye da kilo 300 ba. Injinanta kusan 19,000 aka rage zuwa wajen 6,000. Ta kwashe mafi yawan abin da ta tara aka kai Rasha, aka cika cikin tukunyar Arak da siminti. Aka kafa kyamarori, aka buga hatimi, masu bincike na shiga suna fita. Rahoto bayan rahoto hukumar na cewa Iran na cika alkawari. A ranar 8 ga Mayun 2018 Trump ya fitar da Amurka, ya mai da takunkumi, Saudiyya na cikin waɗanda suka yi maraba. Iran ta yi shekara guda tana jira, sannan ta fara tsallake sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Daga 3.67 aka wayi gari a 60. Na ce wa Alhaji, a nan kam mutanenka sun ɗebo da zafi.

Ina jin su ma sun gane, domin abin da suka yi daga baya ya nuna. A ranar 10 ga Maris na 2023, bayan zama da dama a Iraƙi da Oman, aka ga wakilan Saudiyya da na Iran a Beijin, Sin a tsakiya, sun mai da zumunci. A Afrilun 2025 ministan tsaron Saudiyya, Khalid bin Salman, ƙanin Yarima, ya je Tehran har ya gana da Khamenei, daidai lokacin da Amurka da Iran suka fara magana ta hannun Oman. Ana saura kwana biyu a yi zama na shida, ranar 13 ga Yuni, Isra'ila ta kai wa Iran hari. Ranar 22 Amurka ta jefa nata a kan cibiyoyin nukiliyar Iran da ke Fordo da Natanz da Isfahan. Gidan da ya taɓa cewa a sare kan maciji, shi ne ya fito ya yi Allah wadai da harin Isra'ila. Ɗalibina bai san wannan ba, wayarsa ba ta nuna masa ba. Ba soyayya ce ta kawo haka ba. Mai gini da katanga ɗaya da gidan da ake jefa wa wuta ya san inda tartsatsi zai sauka.

Ƙatar ta ɗanɗana. Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka na Al Udaid a watan Yuni, Isra'ila ta kai hari Doha ranar 9 ga Satumba tana neman shugabannin Hamas. Duka biyu cikin wata uku, a ƙasar da ke da sansanin Amurka mafi girma a yankin. Kwana takwas bayan haka Yarima da Firaministan Pakistan Shehbaz Sharif suka sa hannu. Sanarwar da suka fitar ba ta ambaci nukiliya ba ko sau ɗaya, kuma ba ta kira sunan abokin gaba ba. Don haka Alhaji da yaron nan kowa ya kama ƙafa ɗaya ta gaskiya. Saudiyya na tsoron Iran, ta fara tsoron Isra'ila, ta kuma daina sakin jiki da Amurka. Tana neman a bar ta ita ma ta tace yuraniyom a ƙasarta, abin da maƙwabciyarta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yafe a rubuce a 2009 kafin ta gina tashar nukiliyarta ta Baraka.

Abin da ke hana ni barci a lamarin shi ne darasin da kowane shugaba ke karantawa. Gaddafi ya miƙa nasa shirin a Disambar 2003, a 2011 kowa ya ga yadda ya ƙare. Koriya ta Arewa ta fice daga yarjejeniya a 2003, ta gwada a 2006, har yau ba wanda ya taɓa ta. In kai ne a Tehran, wanne za ka ɗauka? In kuma Tehran ta ɗauka, Riyad ta riga ta faɗi abin da za ta yi, kuma ban ga abin da zai sa Turkiyya da Masar su naɗe hannu ba. Haka muka gani a ƙauyukanmu, gari ya yi karo-karo ya sayi biyu, na kusa ya sayi biyar, kowa kuwa rantsuwa yake don kare kai ne, kuma ba ƙarya yake ba.

Af, kafin in manta, mu ma muna da ɗan tarihi a nan. Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggan cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960. Mahaifina ya ce a shekarun nan in hunturu ya busa, tsofaffi kan ce a rufe randa, ƙurar Faransa ce. Bayan gwaji na uku, a Janairun 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ƙasa 'yar wata uku da samun 'yanci. Afirka ta Kudu ta ƙera guda shida ta wargaza su da hannunta. Kuma 'yar ƙaramar tukunyar binciken da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da mai kashi 90 take aiki, sai a 2018 aka cire shi aka mayar Sin, aka sa mata mai ƙasa da kashi 20. An yi abin lami lafiya, da masu ƙirga a tsaye, shi ya sa yawancinmu ko labari ba mu ji ba.

A farkon Yulin 2025 Iran ta dakatar da hulɗa da hukumar IAEA, masu bincike suka fice. A ƙarshen Satumba Ingila da Faransa da Jamus suka sa takunkuman Majalisar Ɗinkin Duniya suka dawo. Kilo ɗari huɗun nan da wani abu, shugaban hukumar Rafael Grossi ya ce mutanensa ba su sake sa ido a kansu ba tun kafin yaƙin. Ana ta gardama kan ko bama-baman sun rusa Fordo ko sun daddage ta kawai, ni kuwa raɗar kawuna nake ji a kunnena.

Daren da na kawo faifan nan mun kai kusan sha ɗaya. Mai shayi ya fara kife kofuna, ya ce Malam a ba ni farfarar nan in kai wa kaji. Na ce ɗauka. Da ya ja faifan, gefensa ya bugi butar shayi, 'yan ƙwayoyin da na ware suka watse ƙarƙashin benci. Alhaji ya ce, "Kai, kaurar Malam!" Yaron ya kunna fitilar wayarsa, muka duƙa mu uku muna tona damshin ƙasa da yatsa, dattijo da sandarsa a hammata. Muka samu biyar. Alhaji ya ce lalle sai an nemo sauran biyun, yaron ya ce Baba Alhaji dare ya yi, gobe kaji za su gama da su. Na ƙulle biyar ɗin a takardar burodi na sa a aljihu, yaron ya ɗauki Alhaji a Kekensa ya kai shi gida, bai karɓi ko sisi ba.